Ƙofar da Wutsiya Ya Ƙera

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da iyali, ina sanar da ke cewa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za ta sa wa firamarenmu sabuwar ƙofar ƙarfe mai ɗauke da sunan marigayi Hedimasta, wanda ya shekara talatin yana gina mutane a garin nan. Tunda kullum ke ce ta ɗaya a ajinmu, yanzu kuma kina koyarwa a jami'a, ke muka zaɓa ki yi jawabi ranar buɗewa. Aikin waldar kuwa ƙanenki Wutsiya muka ba, don alherin ya tsaya a gida.

Naki,
Shugaban ƙungiya

Shugaba,

Wa'alaikumus salam. Iyali lafiya lau, ni ma haka nake kafin wasiƙarka ta iso.

Ƙanena yana da sunan da ubanmu ya raɗa masa. Wanda ka rubuta, ka manta inda ya samo shi? Ƙarshen zango, an jera mu a rana, Hedimasta yana karanto sakamako daga sama zuwa ƙasa, wanda ya zo na ƙarshe a rataya masa kwali a wuya da sunan da mai girma ya ga dama. Yaro ɗan shekara tara, mai in'ina, ajinmu ɗaya da shi. Daga wannan shekarar bai sake shiga aji ba. Yau furfura ta cika masa gemu, amma matarsa matar Wutsiya ce, 'ya'yansa 'ya'yan Wutsiya.

Gaskiyarka, ya gina mutane. Mai facin tayar bakin tasha Buhu ne har gobe. Wadda ya kira Kwanon Wofi ta rasu bara, da sunan aka yi sanarwa. Na karanta tarihin azzalumai da yawa, ban ga wanda ya yi wannan aiki da guntun alli ba. Ku da kuka tsira a tsakiyar jeri, ba ku yi fice ba, ba ku sha kwali ba, ku ne yau masu ƙungiya.

Ba zan yi jawabi ba, kuma zan ce wa ƙanena ya mayar muku da ƙarfenku.

Wassalam,
Yayar mai walda

Malama,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta wasiƙarki a taro, an yaba da iya rubutu. Sai dai sakatare ya tuna mana abin da kika tsallake. Hedimasta bai taɓa rataya wa kowa kwali da hannunsa ba, wanda ya zo na ɗaya ne ke ratayawa. A ajinmu kuwa, zango goma sha takwas, hannu ɗaya ne. Mu na tsakiya kallo kawai muka yi.

Jawabin na nan yana jiran ki.

Naki,
Shugaba

Ƙanena,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka da yara. Na ji sun ba ka aikin ƙofa. Kada ka yi, don Allah. Abin da ya faru ranar nan, shekarata goma, umarni aka ba ni, kai ma ka sani. Zan zo ranar Asabar mu zauna a shago mu yi magana.

Taka,
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. 'Yata ce ke rubuta mini.

Ƙofa na gama ta tun jiya, ta yi kyau. Ni ba na riƙe Hedimasta, ko fuskarsa ba na tunawa. Abin da nake tunawa, igiyar kwalin ta yi gajarta, ta ƙi wuce kaina. Har Hedimasta ya ce a bari haka nan. Sai kika kwance zaren gashinki kika ƙara, kika ɗaure, kika gyara kwalin ya zauna daidai don na baya su iya karantawa.

Ki je ki yi jawabin, kin iya. Asabar ina da aiki.

Ki huta lafiya,
Wutsiya