Ni Na Sa Aka Cire Jikata Daga Ajin Da Take So

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Ni dattijo ne mai jikoki, ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Duk abin da za ku faɗa a kaina, na riga na faɗa wa kaina wanda ya fi shi zafi.

A Kazaure nake zaune, amma rabin rayuwata a waje na yi ta. Aikin duba lafiyar dabbobi ya kai ni Damagaram da Kumasi, na kuma yi zaman karatu a Sudan. Ina jin Fulatanci da Larabci da Faransanci da Turanci. Na faɗi wannan ne don ku san ba jahilci ya sa ni abin da na yi ba. A Damagaram na ga yaran da lissafi ba ya yi musu gardama sun fito daga jarrabawar falsafa idanunsu jajur, saboda tambaya ɗaya tak aka ba su aka ce su yi ta rubutu. A Sudan na ga gwanin kimiyya yana zufa a gaban malamin balagar Larabci. A Kumasi kuwa kemistiri ne dodon kowa. Na san cewa fiziks da lissafi mai zurfi tun daga bakin ƙofa suke nuna wa yaro wahalarsu, tarihi da adabi kuwa sai ya shige ciki yana murna sannan su kama shi. Duk wanda ya ce maka wannan na masu ƙwaƙwalwa ne, wancan na ragwaye, to bai zauna a ko ɗaya ba.

Amma ku zo majalisarmu bayan la'asar ku ji ikon Allah. Mutanen da rabonsu da buɗe littafi tun suna samari, su ne ke jera darussa kamar shanu a kara: fiziks bijimi, kemistiri na bi masa, tarihi kuwa ramammiyar saniyar da ba mai taya ta. Shugabansu wani ne da zan kira Alhaji Garba, dillalin taki, wanda tafiyarsa mafi nisa bayan Makka ita ce Babura. Jikansa na ajin kimiyya, saboda haka kullum sai mun sha labarin yadda yaron ke rama don wuyar karatu, kamar ramar ce digiri.

Jikata, bari in kira ta Bilki, ta shiga babbar sakandare ta zaɓi ajin adabi: tarihi, Larabci, adabin Turanci da darasin gwamnati. Lauya take so ta zama. Yarinya ce mai baki, kuma abokiyar wasana. Da ta shigo za ta ce, "Angon nan nawa ya tsufa, zan nemi canji." Ni kuma in ce, "Wa zai kwashe ki da wannan surutun?" Ranar da Alhaji Garba ya ji zaɓinta sai ya kwashe da dariya a gaban jama'a ya ce, "Malam, duk yawon duniyar nan da yarukan nan, jikarka tarihi? Ai in tarihi ne, ta zo gidana tsohuwarmu ta ba ta kyauta." Aka yi ta dariya. Me ya hana ni ba shi amsa? Ina da amsar da za ta rufe masa baki har shekara. Amma na yi murmushi, na tashi da abin a ƙirjina.

Shugaban makarantar su Bilki ɗan abokina ne, Baba yake ce mini, ba ya iya haɗa ido da ni. Na je na ce masa mahaifinta ne ya turo ni, a mayar da ita ajin kimiyya, a ƙara mata da lissafi mai zurfi, kuma a ce mata tsarin makaranta ne. Ya ce, "Baba, yarinyar nan fa a wancan ɓangaren take haskawa." Na ce, "Ni za ka koya wa karatu?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka." Shi ke nan. Ɗana, wato mahaifinta, bai san komai ba, har yau yana zaton makaranta ce ta ga cancantarta. Da yamma na koma majalisa na sanar da su, Alhaji Garba ya ce, "Yanzu ka yi magana!" Ku ji fa, yabon wannan mutumin na saya da jikata. Mutumin da ko shawarar maganin tsutsar akuya ba zan karɓa daga wurinsa ba.

Yanzu Bilki tana shekara ta biyu. Ta faɗi fiziks, ta faɗi lissafin, kemistiri da ƙyar. Malamin da ke koya musu yana kiranta 'yar aro a gaban aji. Ta daina ce mini ango, sai "Ina wuni, Kaka" ta wuce. Kwanakin baya ta same ni a zaure ta durƙusa ta ce, "Kaka, kai kaɗai shugabanmu yake jin nauyi. Don Allah ka je ka roƙe shi ya mayar da ni ajinmu. Ko maimaita shekara ne na yarda. Wallahi ni ba daƙiƙiya ba ce." Na ce mata zan je. Na kuwa je. Na zauna a ofishinsa, ya sa aka kawo mini ruwa, muka yi hirar damina da tsadar gero a Roni, na tashi ban ambaci sunanta ba. Yaya zan ce wa yaron da na daka wa tsawa cewa shi ne mai gaskiya? Na dawo na ce mata ya ƙi. Ta ce, "Ba komai, Kaka, ka yi iya ƙoƙarinka. Allah ya saka." Wannan addu'ar ta fi mini zagi ciwo.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, mahaifinta ya ce idan ta sake faɗuwa a wannan zangon zai cire ta ta zauna gida ta koyi ɗinki, tunda a ganinsa kanta ba ya ja. Zangon kuwa ya kusa ƙarewa. Idan na koma wurin shugaban a asirce, zai iya mayar da ita, amma ɗana zai ɗauka an kore ta ne daga ajin masu ƙoƙari, ya ƙara samun hujjar cire ta. Ba abin da zai wanke ta a idonsa sai in zaunar da shi in ce ni na yi ƙarya da sunansa. Daga nan kuma Bilki za ta san wanda ta durƙusa wa. Majalisa ba ta dame ni ba yanzu, su yi ta jera shanunsu. Yarinyar nake tsoro, da irin kallon da za ta yi mini.

Jiya ta kawo mini fura ta ajiye, har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Kaka, ko za ka sake gwadawa?"

Jama'a, me zan yi?