Gawo Ba Gawa Ba Ne

Zuwa ga mai girma jami'in da ke kula da shirin noman tarakta a yankinmu,

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Sau uku ina hawa mota zuwa Boɗinga don in gan ka, sau uku masinja na ce mini ka fita rangadi. Shi ya sa na kawo kukana bainar jama'a.

Na ɗaya. A tsakiyar daminar bana ma'aikatanka suka shiga gonata ta gado da ke gefen Danchadi, suka shafa wa gawo huɗu jan fenti, suka rubuta a takardarsu cewa matattun itatuwa ne da za su tare wa tarakta hanya. Dalilinsu shi ne ba su ga ganye ko ɗaya ba. Yallaɓai, yaushe gawo ya taɓa yin ganye da damina? Ko matan da ke surfe sun san kirarinsa na ƙin ruwan sama. Yana kakkaɓe ganyensa lokacin da gero ke son rana, ganyen ya ruɓe ya zama taki, sai rani ya kama shi kuma ya yi kore shar, ya zubo wa bisashe 'ya'yansa. Tsakanin gawo da gawa harafi ɗaya ne, amma bai kamata mai cin albashi da sunan gona ya kasa bambanta su ba.

Na biyu. Ba tsoron banza nake ji ba, na ga abin da ya faru. Bara haka aka shafa wa gawo bakwai fenti a gonar ƙanena Lawali a Dandin Mahe. Katafila ba ta iso ba sai bayan girbi, lokacin itatuwan sun cika da ganye. Lawali ya nuna wa direba, direba ya nuna masa takarda, kuma takarda ta yi nasara. Da ganyensu aka tumɓuke su. Bana sau uku yana shuka, iska na binne ta da rairayi. Takin zamanin da aka yi masa alkawari an ce tsuke bakin aljihu ya hana shi zuwa, taraktar kuma tana can jingine, wai babu kayan gyara. Awakinsa biyar ya sayar da rani don babu abin ba su. Mutum mai rumbu biyu, yau daga gidana ake kai masa hatsi, yana karɓa kansa a sunkuye. Wallahi abin na ci mini rai.

Na uku. Kakanmu malami ne kuma manomi. Ya bar mana wata waƙa da ya rubuta da hannunsa cikin ajami, tana nan cikin gafaka. A ciki ya jera itatuwan ƙasarmu, da wanda ake sarewa in ana sassabe, da wanda ake kewayewa a bar shi ya girma, da amfanin kowane ga mutum da dabba. Gawo ya fi kowa samun baitoci. Waɗannan huɗun da aka shafa wa fenti, shi ya tsallake su da gatari suna ƙanana. Nakan karanta wa jikokina waƙar, kuma tun yanzu akwai sunaye shida a ciki da in sun tambaye ni, ba ni da iccen da zan nuna musu. Ba na son gawo ya zama na bakwai. Ba ƙin ci gaba muke yi ba, ranka shi daɗe. Mu ma garma ta ci mana baya. Amma wanda ya zo gyara gida, ai yakan tambayi masu gida inda ruwa ke zuba.

Roƙona kaɗan ne. A soke sunan itatuwana daga wagga takarda, da sa hannunka, tun kafin a gama yankan gero, domin na riga na ga cewa ganye ba ya tsayar da direba. A kuma riƙa haɗa ma'aikatanka da dattijo ɗaya na gari duk sa'ad da za su fita da gwangwanin fenti.

In kuwa an yanke cewa sai an tumɓuke, to a aiko mini da ranar. Ba zan tare katafila ba, shekaruna sun wuce nan. Zan zo ne in tsaya in gani da idona, don in jikokina sun girma sun tambaye ni ina nake aka yi wannan, in faɗa musu gaskiya cewa ina tsaye, na kuma rubuto maka tun da sauran lokaci.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi haɗa ka da mashawarta na gari, shi sa ka gama aiki da mutuncinka.

Wassalam.

Naka,
Sahabi ɗan Malam Buhari,
manomi, daga gefen Danchadi.