Ruwan Gilashin Motar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Anti Rabi? Mu nan Kontagora lafiya lau.

Na kai tsohuwar motar marigayi Baba gareji, don wani mutumin Salka da ke son sayenta ya ce ba ta fesa ruwan wanke gilashi. Ashe zanzaro ne ya toshe bututun da laka. Da makanike ya buɗe shi aka danna, sai ruwan ya feso min a fuska. Bakin yana nan a karkace, yadda Baba ya juya shi don ya riƙa jiƙa mu in mun fito tarbarsa. Makanike zai miƙe shi, na ce ya bari.

Ban kira mutumin Salka ba tukuna.

Gai da yara. A sa Baba a addu'a.

Ƙanenka,
Bala