Fil Ɗin da Na Tsinta a Cikin Kwamfutarki

Kaura Namoda, ranar Laraba.

Mardiyya, wa ya koya maki kwance noti da bakin wuƙa?

Ki amsa mani wannan kafin komai, ya sanyin idona, ya ruwan farkon damina a kan gonar da ta gaji da jira, ya nonon safe cikin sabuwar ƙwarya, ya ke da muryarki ta fi kukan kurciya a kan tsamiya taushi. Sati shida ke nan ina tara maki sunaye masu daɗi, ban taɓa furta ko ɗaya ba. Ga shi yau ina zubo su gaba ɗaya, domin abin da na tsinta jiya a cikin kwamfutarki ya hana ni tsayuwa, ya hana ni zama. Ni Kamalu, da duk layin tasha aka san bakina ba ya mutuwa, yau ga ni na koma yi maki magana a takarda.

Kin tuna ranar farko? An yi ruwa da hantsi, ƙasa na ƙamshi. Kika shigo shagona ke da ƙawarki Hafsat, kin rungume laftof kamar jaririn da ba shi da lafiya. Kwamfutar ta faɗo daga kan babur a hanyar makaranta, kuma duk aikin bincikenki na kammala karatu yana cikinta. Na danna madanni: fitila ta kawo, fanka na juyawa, allo kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na kife ta, na kwance noti biyu na 'yar ƙofar da ke bayanta, sai ga ram, ɗan siririn koren abin nan da kwamfuta ba ta tashi sai da shi, ya zame daga mazauninsa. Aikin minti biyu ne. Amma ni da son a sani, sai na mayar da shi darasi. Na ce ki matso. Na nuna maki 'yan ƙarafa biyu da ke riƙe da shi ta gefe, na ce in aka buɗa su zai ɗago kai da kansa, in kuwa ya ɗago, ko wanda ya ƙera ta ya zo ba za ta tashi ba sai ya mayar. Na goge haƙoransa da magogin fensir, na danna shi, ya ce ƙas. Allo ya haska. Fuskarki ta haska, ta fi shi.

Kika ce, "Sake nuna mani, Malam Kamalu, ban gani da kyau ba."

Na sake. Har sau biyu na sake, ina hura hanci, ina zaton gwanintata kike kallo. Ashe karatu kike ɗauka.

Bayan kwana tara kika dawo, ke kaɗai. Fanka na juyawa, allo baƙi. Na buɗe, ram ya sake ɗagowa. Na ɗora wa hanya laifi, na zagi ramukan titi, na zagi ɗan acaɓan da ban taɓa gani ba. Kika zauna kan bencin Nagoggo, tsohon telan da ke maƙwabtaka da ni, kina ba shi labarin kasuwar shanun garinku Moriki, kina dariya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa kaina na cikin kwamfuta, kunnuwana na wurinki, ina jan aikin minti biyu ya kai awa guda don kada ki tashi. Kin ga? Ni ma ina da nawa laifin, kuma yau zan faɗe shi duka.

A zuwa na uku ne abin ya fara ci mani rai. Kin san ban gama sakandare ba. Karatun da na iya a jikin jaridun da ake naɗe tsire na ƙarasa shi, Turancin da na iya kuwa kwamfutoci ne suka koya mani da ƙorafinsu. Ba ni da takardar da zan rataye a bango. Abu ɗaya nake taƙama da shi a garin nan: aikina ba ya dawowa. Sai ga shi aikin wadda na fi so ta yaba mani shi ne ke dawowa kamar zazzaɓin cizon sauro. Na karanta duk abin da idona ya kai a kan ciwon nan. Na zargi zafi, na zargi wutar janareto, na zargi caja. Na zare ram ɗin kwamfutata ta kaina na sa maki, ban gaya maki ba. Sannan na tafi shagon kayan kwalliya, ƙato da ni, na sayi jan farce, matan da ke wurin na tambayata wace ce amaryar. Na ɗiga wa kan kowane noti ɗigo ɗaya, don in wani hannu ya shiga bayan nawa in gane.

Ya ke hudar gero, ya ke inuwar da matafiyi ke hangowa tun daga nesa, da na san hannun da zan kama, da na zubar da kwalbar nan a kwata.

Shekaranjiya Litinin kika shigo bayan la'asar, shago cike da masu cajin waya. Na kife laftof ɗin. Jan farcen ya fashe a duka noti biyun, kawunansu duk ƙarzar wuƙa. Idona ya rufe. Mutum ɗaya na sani a layin nan da ke kwance noti da wuƙa in sukurdirebansa ya ɓace: Halilu, mai gyaran da ke tsallaken titi, wanda na taɓa gani kin tsaya kin gaishe shi. Ban tambaye ki ba. Ban ma dube ki da kyau ba. Na ɗaga murya a gaban mutum goma na ce ki mayar wa wanda kike kai wa a ɓoye, ya lalata ni in gyara, ni ba bawan kowa ba ne. Na ce masu fuska biyu ba su da wurin zama a shagona. Wallahi na faɗi haka.

Nagoggo ya tsayar da kekensa ya ce, "Kai ɗan nan, mi ɗiyar mutane ta yi maka?"

Ke kuwa magana ɗaya kika yi, a hankali: "Ba wanda ya taɓa ta sai ni da kai." Kika juya kika fita, kika bar ta a kan tebur. Kin gaya mani gaskiya tsirara a gaban kowa, Mardiyya, amma fushi ya toshe mani kunne. Na tsallaka titi na ci kwalar Halilu. Bawan Allah yana cin rake, bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya rantse har ya gaji cewa ko launin kwamfutarki bai sani ba.

Jiya da safe na buɗe ta don in samo shaidar da zan je in watsa masa a fuska. Ram ya ɗago, kamar kullum. Amma a ƙarƙashin ɗan ƙarfen hagu, inda aka sa wani abu aka ɓanɓare shi, akwai fil. Fil ɗin mayafi, mai koren kai, ya ɗan lanƙwashe.

Na san fil ɗin nan. Na san shi fiye da yadda na san lambar wayata. Sati shida ina kallonsa a ƙarƙashin haɓarki, don ba ni da ƙarfin halin kallon idonki. Sai a lokacin na tuna cewa ranar Litinin, duk tsawon ihun da na yi, hannunki ɗaya na riƙe da bakin mayafinki, domin babu abin da zai riƙe shi.

Ke ce. Ke ce, Mardiyya!

Na zauna a ƙasa, a kan wayoyin caji. Na miƙa wa Nagoggo fil ɗin. Ya juya shi a tafin hannu, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Ya ce, "Duk layin ga an sani, har mai ƙosai. Kai ɗai na ba ka sani ba, sarkin karatu." Ya ce tun zuwa na biyu ya lura ba ki taɓa tambayar yaushe za a gama ba.

To yanzu ki saurare ni, don har yanzu raina a ɓace yake, sai dai ban san wa zan fara da shi ba, ni ko ke. Kin san abin da kika yi kuwa? Kin cire batir kafin ki sa hannu? Na san ba ki cire ba, don ban nuna maki wannan ba. Ƙarfe tsirara kika cusa cikin kwamfuta mai wuta a jikinta. Da fil ɗin nan ya gota kaɗan ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba, da ta ƙone ƙurmus, da aikinki na shekara guda, wanda na tabbata ba ki ajiye kwafinsa a ko'ina ba, ya shiga halin da sai Allah. Sau uku kina ɗora karatunki a kan bakin wuƙa. Don me? Don ki zauna kan bencin tela ki saurari wani mai baƙin rai yana zagin ramukan titi? Wane ne ni? Me aka gani a jikina? Na duba madubin Nagoggo jiya har sau uku, ban ga komai ba sai mutumin da ya kori alherinsa da bakinsa.

Kuma ga abin da ya fi tsorata ni, ya hasken gidanmu da ba a gina ba tukuna. Wataƙila ni ne na yi wa kaina mafarki. Wataƙila gyara kike son koya, kunya ta hana ki faɗa. Wataƙila kuma abin da nake zato gaskiya ne har zuwa la'asar ɗin Litinin, daga nan na kashe shi da hannuna. Kwamfuta in ta ƙi tashi na san inda zan taɓa. Zuciyar da na yi wa tsawa a gaban mutum goma fa, ta ina ake buɗe ta? Wane littafi zan karanta? Gulbin Gagare in ya cika ya yi ɓarna yakan koma mazauninsa, a sake shuka a bakinsa. Ni ma na koma, Mardiyya. Ko za ki sake shuka?

Na je wurin Halilu jiya, a gaban waɗanda suka ga na ci kwalarsa, na ba shi haƙuri. Ya yafe, amma ya ce daga yau sunana Mai Jan Farce, kuma kafin magariba sunan ya kai bakin kasuwa. Na karɓa. Ya yi mani kaɗan.

Hafsat ta ce kun gama jarrabawa, ranar Asabar yayanki Anas zai zo ya tafi da ke Moriki. Kin san yadda hanyar nan take yanzu: wanda ya shiga ba ya cewa ga ranar da zai sake fitowa, sai an ji labarin hanya ta yi kyau. In kika tafi da maganata ta Litinin a kunnenki, ita ce za ta zauna maki a matsayina, kullum tana ƙara tsami. Wannan ne ba zan iya ɗauka ba.

Ga kwamfutarki nan na ba Hafsat tare da takardar nan. Tana tashi kafin ki gama bisimilla. Na kwafe maki aikinki a filashi, yana cikin aljihun jakar, ki raba su wurin ajiya. Notin nan biyu kuwa na canza su da masu kan tauraro, waɗanda ba wuƙar da za ta kama su, ko ta mahauta. Ba za ta sake lalacewa ba. Na toshe maki hanyar zuwa wurina da dalili, da gangan na yi, domin ba na son ki ƙara zuwa da dalili.

Ba zan yi maki alkawarin zama mai sanyin hali ba, za ki gane ƙarya ce. Abin da zan iya shi ne wannan: daga yau, duk ranar da idona ya rufe, zan tambaye ki kafin in buɗe baki, kuma in kin amsa zan ji. Zan riƙe ki yadda manomi ke riƙe irin da ya ware tun kaka, ba ya ci ko yunwa ta kai ina. Ba wata kafin ke, ba wata bayanki, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa.

A gaban mutane na ci mutuncinki, don haka ban yarda a gyara shi a saƙon waya ba. Ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da shago ke cika, zan tsaya daidai inda na tsaya ranar Litinin, in janye maganata ɗaya bayan ɗaya da irin muryar da na faɗe ta. Nagoggo zai kasance, Halilu ma na gayyace shi, da mai ƙosai. Wannan zan yi ko kin zo ko ba ki zo ba.

Amma ki zo. Ki zo da Hafsat, ki bar kwamfutar a gida. Fil ɗinki zai kasance a kan tebur. In amsarki a'a ce, ki ɗauki abinki ki tafi, ba wanda zai ce maki kanzil, ni ne farkon wanda zai kama bakinsa. In kuwa ba a'a ba ce, ki bar mani shi, ki faɗa da bakinki, Nagoggo na ji, Halilu na ji: a Moriki, ƙofar gidan wa kawunnaina za su yi sallama?

Naki, yau da gobe da ranar da ƙarfina zai ƙare,
Kamaluddeen, wanda layin tasha ke kira Mai Jan Farce.