Lamba Biyu

Zuwa ga Yaya Nas,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aikin asibiti? Kada ki ɗauka na huce. Lambarki tana nan a toshe a wayata tun ranar da kika ce a gaban mutane wai ni ban san komai ba sai kwaɓin burodi. Direban da ke kawo mana fulawa ne ya matsa in rubuto.

Kin ce in ba a mayar da Baba wurinki ba, huhun nan da hayaƙin tanda ya cinye ba zai kai shi ko'ina ba. To ki zo ki gani! Injin oksijin da likita ya ajiye a lamba biyu, na ga Baba yana haki kamar ya hau bene da buhu, sai na murɗa shi zuwa biyar. Wallahi kwana uku ke nan hakin ya lafa. Barci yake sha har rana ta take. Sai ɗan ciwon kai da safe, da hannu da ke karkarwa in ya ɗauki kofi. Jiya ma da sunan marigayi ƙanensa ya kira ni, na yi ta dariya.

Ashe ba sai da farar riga ake iya jinya ba.

Ƙanenki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa a gurguje, a tsaye nake rubutu, direba na jira. Na kira ka ya fi sau goma, wayar Baba kuma a kashe.

Barcin nan ba sauƙi ba ne. Mayar da injin lamba biyu, kada ka kashe shi, ka kai Baba asibiti yanzu. Ko burodi na cikin tanda, bar shi ya ƙone.

Ka san iskar da yis ke fitarwa ta kumbura maka kwaɓi? Ita ce kabon dayokzaid. Jikinmu ma ita yake fitarwa in ya ƙona abinci. Akwai wani sinadari a jini, enzayim muke ce masa, mai narkar da ita a kai ta huhu a hurar. Huhun Baba ba ya iya hurar da ita duka. Da ka cika masa oksijin sai ta ƙara taruwa, jininsa ya yi tsami kamar kwaɓin da ya wuce lokaci. Ita ke sa shi barci, ita ta sa ya manta sunanka.

Maganar da na yi ranar nan, ban kyauta ba. Gobe ka zage ni son ranka, yau dai ka tashi.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Ban san ta inda zan fara ba.

Da takardarki ta iso, na shiga ɗaki na girgiza Baba, ya buɗe ido ɗaya ya mayar. Tire shida na bari a tanda, duk sun zama gawayi. Direban fulawa ne ya kai mu a motarsa. A asibiti suka ɗebi jini a wuyan hannunsa, likita ya duba, ya dube ni, ya ce, "Wa ya taɓa injin?" Na ce ni ne. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kwana biyu Baba ya yi da wani abin rufe fuska mai tura iska kafin ya kira ni Auta.

Mun dawo gida, kuma nan ne wahalar. In hakin ya taso sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan ƙara min, ko uku ne." Yaya, tunda nake ban taɓa ce wa Baba a'a ba. Yanzu sau biyar nake faɗa a rana. Nakan zaunar da shi, in buɗe taga, in sa ya riƙa hurar da iska a hankali kamar mai huce shayi, yadda suka koya mana. Shekaranjiya na dawo daga tanda na tarar ya lallaɓa ya kai injin lamba huɗu da kansa. Na mayar, na naɗe abin murɗawar da salatif. Ya ce ni ba ɗan albarka ba ne. Na fita bayan tanda na yi kuka, na dawo na ƙara wani salatif ɗin.

Ko zai yi fushi da ni shekara goma, na yarda, in dai yana raye yana fushin.

Na buɗe lambarki. Kunyar kira nake ji.

Naki,
Auta

*

'Yata,

Ina gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Da hannuna na rubuta, kin ga ya daina rawa.

Ƙara na kawo. Yaron nan ya ɗaure min inji kamar kayan tafiya, ya ce wai ke kika ce. Shekara talatin ina roƙo ku haɗa kai a kan abu ɗaya, da kuka tashi haɗawa sai a kaina.

Ki zo ranar Asabar. Ki zo da salatif, nasa ya kusa ƙarewa.

Babanku