Abin da ban faɗa ba a talho

Malam Sani mai rubutun wasiƙa a bakin fosta ne ke rubuta mini. Na ce ya sa sunanka da kansa a bayan ambulan, sunan ɗan fari ba dai daga bakina ba.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Ina Abijan ɗin?

Kada ka turo su. Shi ne maganar. Sauran duk bayani ne.

Ran Laraba surukinka Alhaji ya aiko mota har garinmu Zermu, wai za ka bugo talho a bironsa, ofishin nan na Damagaram da yake ajiye kaya. Na zo. Na ɗauka abin nan ne da ake karawa a kunne, mutum ya yi ƙus-ƙus ɗinsa. Ashe wannan daban ne. Da ya yi ƙara sai sakatare ya danna wani maɓalli, jar fitila ta kama, sai ga muryarka ta cika ɗaki kamar rediyo. Alhaji ya ce bai ji sosai, aka ƙara murɗa masa.

To ka duba mini. Kai ɗan fari ne, tun da na haife ka ban taɓa yin hira da kai gaban mutane ba. Ga uban matarka a kujera. Ga direba, ga masu jiran takarda, kowa ya yi tsit yana kallon bakina. Ka tambaye ni ya gida, ya fari. Me zan ce? Na ce lafiya lau, da godiya. Ka sake tambaya, na ce alhamdu lillahi.

Kai kuma ka yarda! Ubanka, Allah ya ji ƙansa, in na ce lafiya lau sai ya tashi ya leƙa rumbu da kansa. Kai ko nan take ka ce to tunda haka ne, bayan salla za ka sa Hadiza da yara a mota su zo su zauna wurina, aiki ya yi wuya. Alhaji har da tafa hannu. Ni gumi ne kawai ke bin bayana.

Sai da fitilar ta mutu sakataren ya ce mini, wai da na ɗaga hannun talhon na sa a kunne, da ba mai jin ka sai ni, sai su fita su ba ni wuri. Wa ya gaya mini tun farko?

Ga yadda gida yake. Rijiyar unguwa laka take ba mu. Akuyoyi sun ƙare, ta ƙarshe a kwance aka yanka ta. Gidan Malam Ari sun rufe ƙofa da ƙaya sun yi kudu. Dawar taimako ja ce, in ta zo, ba kullum ba. Ni cikina ya saba. Na 'yarka Nana bai saba ba, balle na mai shan nono. Na ga yaran da aka binne bana, ban son in san sunan na gaba.

Irin shuka da ubanka ya bar mana a tulu, shi ma mun daka. Ko ƙanwarka ban gaya wa ba.

In sun riga sun taso, ka buga wa Alhaji ya tsaida su a gidansa na Kara-Kara. Kunyar da zan ji, na ji.

Allah ya tsare min ku inda kuke. Allah ya sauko da ruwa.

Ni ce uwarka, daga Damagaram.