A Maido Mini da Duron Takina, a Goge Jan Fentin Ƙofata

Daga: Iya Mai Lambu,
Gidan ƙarshe, layin bayan makaranta.
6 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Tsabtar Muhalli.

Game da: Ɗauke mini duron taki da shafa wa ƙofata jan fenti.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ban yi makaranta ba. Mai rubuta wasiƙu na bakin gidan waya ne ya riƙe alƙalami, amma maganar tawa ce, na kuma hana shi sa mata sukari.

1. Shekara biyu da rasuwar maigidana. 'Ya'yana biyu suna nesa, sai waya. Abin da ya rage mini shi ne lambun bayan ɗaki: tumatir, alayyafo da albasa. Tsohon duron ruwan marigayi na ɗauka, na huda shi da ƙusa da dutse, huji arba'in da uku, da hannun nan nawa mai ciwo. Busasshen ganye a ƙasa, ɓawo a kai, sai toka, sai kashin awaki, in yayyafa ruwa in rufe. Kowane mako ina juya shi da sanda. Sunan wannan taki, ranka ya daɗe. Ba juji ba ne.

2. Ni kaɗai ba na cin abin da zai cika duro. Saboda haka kowace safiya nakan ɗauki bokiti in bi gida tara ina karɓar ɓawon dankali da na ƙwai. A nan nake jin wa ya haihu, wa ke zazzaɓi. Matar tela takan ba ni kujera. Idan tumatir ya nuna kowa da kasonsa. Ban ɓoye muku ba, yawon bokitin nan shi ne duk hirar da nake samu a yini.

3. Ranar Talata, 16 ga Afrilu, da hantsi, duba-garinku, wani dogo mai tabarau, ya shigo da ma'aikata biyu. Ya ɗaga murfi da tsinin takalmi, ya ga tana, ya rubuta cewa ina kiwon tsutsa. Mutumin da bai san tana ba, wa ya ba shi aikin duba ƙasa? Na roƙe shi ya ɗiba ya sansana, ya toshe hanci tun kafin ya matso. Suka juye takin wata bakwai a motar shara, suka ɗora duron a kai. A gaban idona.

4. Bai tsaya nan ba, ya zana gicciye da jan fenti a ƙofata. Tun ranar layin ya ɗauka cuta ce a gidana. Na fita da bokiti washegari, gida tara ba wanda ya buɗe sosai. Matar tela ta leƙo ta taga ta ce sun riga sun zubar. Mai kanti yana ajiye mini sabulu a kan benci maimakon ya miƙo mini. Kwana ashirin ke nan ba wanda ya taka soron gidana. Ko da mutuwa na yi, sai wari ya faɗa musu, wannan karon na gaskiya.

5. Na zo ofishinku ranar 23 da ranar 30 ga Afrilu. Duk biyun na yini a benci, aka ce kuna taro.

Don haka, cikin ladabi, ina neman abu uku. A maido mini da durona. Za ku gane shi, akwai lotsawa a gefe inda marigayi ya taɓa buge shi da keke. Takin kuwa na san ya tafi, na bar wa Allah. Na biyu, wanda ya shafa fentin ya zo ya goge da hannunsa. Na uku, ya zo da safe, lokacin da mata ke shara a ƙofar gida, ya faɗa da ƙarfi yadda matar tela za ta ji cewa gidana ba cuta.

Damina ta kusa. Zan iya sake huda wani duron, hannuna bai mutu ba. Amma ba zan iya cika shi ni kaɗai ba.

Allah ya ƙara girma. Ina jiran amsarku, kullum ina gida, ba inda nake zuwa yanzu.

Taku cikin biyayya,
Iya Mai Lambu
(dangwalen babban yatsan dama)